Majami'ar Dutsen Sina'i: Inda Ado Ya Tare Ado

A ƙasar Masar, a gindin Dutsen Sina'i wanda malamai ke kira Ɗurisina, akwai wani tsohon gida na ruhubanawa, watau Kiristocin da suka bar duniya don ibada. Sunansa Gidan Katarina Mai Tsarki. Sarkin Rum Yustiniyanu ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565. Abin da ya tabbatar da haka shi ne rubutun da ke jikin gumagumen rufin majami'arsa. An ambaci Sarkin yana da rai, an kuma yi wa matarsa Tiyodora addu'a irin ta mamata, ita kuwa a 548 ta rasu. Har sunan maginin yana nan, Istifanus mutumin Aila.

Daga waje abin da ka fi gani shi ne ganuwar dutse. Amma in ka shiga majami'ar, ginshiƙai 12 ne a jere, shida dama shida hagu, suna jan idonka zuwa gabas, inda bango ya lanƙwashe kamar babban alkuki. A nan aka jera ƙananan duwatsu da gilasai masu launi, suka zama sura: Yesu a tsakiya cikin fararen tufafi, Musa da Iliya a gefensa, almajirai uku a ƙasa, tsoro ya kama su.

To, ku lura da hikimar mai aikin. Labarin a kan dutse ya faru, amma bai zana dutse ba, sai ya cika bayan mutanen da ruwan zinariya. Me zai yi da dutsen zane, alhali ga na gaske a bakin ƙofa? Gwani yakan san abin da zai bari kamar yadda ya san abin da zai sa.

Mutanen baya ba su bi wannan ƙa'ida ba. A ƙarni na 17 aka kafa dogon shamaki na katako mai ruwan zinariya a gaban bagadi, daga baya kuma fitilu masu yawa suka cika sama. Shamakin kyakkyawa ne, ba musu. Amma ya tare hanyar da Istifanus ya buɗe wa ido, har mai tsayawa a tsakiyar majami'ar ba ya samun ganin surar sosai. An ce kome ya yi yawa ba shi da daɗi, ko da zuma ce.

Duk da haka mu yi musu adalci. Su ne suka tsare wurin, har tsofaffin surorinsa na kakin zuma suka tsira sa'ad da ake farfasa irinsu a daular Rum tsakanin 726 da 843, domin a lokacin Sina'i tana hannun Musulmi. Akwai ma masallaci a cikin ganuwar.

Saboda haka, 'yan makaranta, in kun ga ado, a gini ne ko a rubutu, ku tambaya: yana nuna abin da aka nufa, ko kuwa yana rufe shi?