Waƙar Reno a Daren Ciwon Ciki

 Yau a filinmu na sharhin fasaha da wasanni ban zo muku da makaɗin fada ba, ban zo da sabon fim ba. Waƙar da za mu duba ba a taɓa sayen tikiti don a ji ta ba. Mai sauraronta mutum ɗaya ne tal, shi ma kuka yake yi, kuma ranar da mawaƙiyar ta fi ƙwarewa, ranar ce zai yi barci ya bar ta tun ba ta kai ƙarshe ba. Waƙar reno nake nufi, musamman wadda ake yi wa jaririn da ciki ya hana sakat.

A ɗakina na fara sanin darajarta. Ɗana na biyu ya yi sati biyun farko lafiya lau, ya sha ya yi barci. Daga sati na uku al'amari ya juya. Da an idar da sallar magariba sai ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jawur, ya shiga tsala ihu kamar ana tsikararsa da allura. In ya sha nono ya dawo da rabi, tumbiɗi ya jiƙa mini kafaɗa har baya. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta zo zaunar mini da jego. A dare na huɗu ta shigo ta same ni zaune a bakin gado, yaro na kuka ni ma ina yi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Miƙo shi nan, 'yar nan. Je ki kwanta."

Ban kwanta ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, kuma abin da na gani shi zan warware muku, kamar yadda muke warware kiɗan kowane gwani a wannan fili.

Ba da sanyin murya ta fara ba. Wannan ya ba ni mamaki, don ni raɗa nake yi masa, ina "yi shiru, yi shiru," shi ko bai ma san ina yi ba. Goggo ta ɗaga murya ta kai ta daidai inda kukansa yake, da sauri irin nasa, kamar mai bin dokin da ya ƙwace: sai ka yi gudunsa kafin ka kama linzami. Da ya ji wata murya ta cim masa, ya ɗan saurara don ya ja numfashi, sai ta shiga ta wannan 'yar kafar, ta rage sauri kaɗan, ta rage ƙarfi kaɗan. Ya sake tashi, ta sake bin sa. Haka suka yi ta yi, yana hawa tana saukar da shi, har waƙar ta koma gunguni a maƙoshi, babu kalma sai sauti.

Kayan kiɗanta guda uku ne, duk a jikinta. Tafin hannu yana bubbuga bayansa, shi ne gangar. Ƙafa tana taku daga ƙofa zuwa taga, ita ke riƙe da awo. Ƙirjinta kuma, inda kunnensa yake manne, shi ne ƙwaryar da ke ƙara wa muryar zurfi. Ɗiyan waƙar gajeru ne, kowane numfashi ɗaya, kowane yana gangarowa a ƙarshe, yadda maganar Bahaushe take gangarowa in zai dasa aya. Ita ce jagora, ita ce 'yar amshi. Kalmomin kuwa ba su da yawa: sunan yaron, kirarin mai sunan, garin kakanninsa, alkawarin abin da za a sayo masa in ya girma. Can tsakiyar dare, da ta ɗauka na yi barci, sai na ji waƙar ta sauya hanya. Ta bar yaron ta koma kan kanta, tana ambaton 'ya'yanta biyu da suka koma tun suna goye. Muryar ba ta canja ba, takun bai canja ba.

Wannan juyin ba namu ne mu kaɗai ba. A 1928 mawaƙin Sifaniya Federico García Lorca ya gabatar da lacca a Madrid kan waƙoƙin renon ƙasarsu, bayan ya zaga yankuna yana sauraronsu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda suke cike da baƙin ciki, domin matan talakawa ne ke yin su, a gajiye, suna zuba damuwarsu a kunnen wanda ba zai kai ƙara ba. Duk wanda ya saurari amada, irin ta marigayiya Barmani Choge, ya san matan Hausa sun daɗe suna faɗar a waƙa abin da ba su faɗa a zance. Waƙar reno ƙanwar amada ce da ba ta fita tsakar gida.

To, shin wannan fasaha tana aiki, ko kuwa yaro ne ke gajiya ya yi shiru don kansa? Masu bincike sun auna. A 2020 wata ƙungiya a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Samuel Mehr, ta kunna wa jarirai 144 waƙoƙi cikin harsunan da ba su taɓa ji ba, wasu na reno wasu ba na reno ba. Bugun zuciyarsu ya fi sauka in waƙar reno ce. Ke nan sirrin yana cikin ginin sautin, tun kafin a zo ga ma'anar kalma. Takun Goggo ma an auna irinsa. A 2022 Kumi Kuroda da abokan aikinta a cibiyar RIKEN ta Japan sun nuna cewa ɗaukar jariri mai kuka a yi tafiya da shi minti biyar ba tsayawa yana kwantar da shi, sannan in ya yi barci a zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin a shimfiɗe shi. Iyaye da yawa a nan suke faɗuwa: yaro na lumshe ido sai a ajiye shi, sai a koma gidan jiya. Goggo ba ta taɓa ajiye shi da wuri ba. Takan ce barcin bai nuna ba tukuna.

Amma zan ci amanarku in na tsaya a yabo. Akwai inda waƙa ke ƙarewa, kuma ni da kaina na makara kafin na gane wurin.

Kukan jarirai yana da tsari. Yakan fara ƙaruwa wajen sati na biyu, ya kai ƙololuwa wajen sati na shida, ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi wajen gane kukan da ya wuce kima: fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har tsawon mako uku. Mafi yawan irin waɗannan yara lafiyarsu ƙalau, suna ƙiba, kuma abin yana wucewa. Tumbiɗi ma haka. A bakin tumbin jariri akwai wani ɗan zoben tsoka da ke rufe hanya bayan abinci ya shiga. A watannin farko bai yi ƙwari ba, ga abincin ruwa ne zalla, ga yaro kullum a kwance. Shi ya sa nono ke dawowa. Yawanci kafin shekara ya daina. A nan waƙa da goyo da sa gyatsa, da riƙe yaro a miƙe na minti ashirin ko talatin bayan ya sha, su ne aikin. Sai dai in za a shimfiɗe shi ya yi barci, a rigingine za a kwantar da shi, ko da mai tumbiɗi ne.

Nawa yaron bai tsaya nan ba. Masu zuwa barka suka yi ta cewa nonona ne bai ishe shi ba, na karɓi maganarsu na haɗa masa da madarar gwangwani. Wata ta kawo bauri, wata ta ce ciwon cibiya ne, wata ta ce a lasa masa zuma, wata ta kawo kwalbar ruwan ciwon ciki daga kemis. Kowa da kyakkyawar niyya. Kuka ya ƙaru, ƙuraje suka feso masa a kumatu, wata safiya na buɗe ƙunzugu na ga zaren jini a kashinsa. Ranar muka tafi asibiti. Likita ta yi tambayoyi, ta auna shi, ta ce tana zargin jikinsa ba ya karɓar sinadarin da ke cikin madarar shanu. Ta sa na dakatar da ta gwangwani, ni ma na bar madara da kindirmo da fura da nono na 'yan makonni a gani. Ta hana zuma gaba ɗaya sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjin jariri ba ya iya yaƙa. Ta hana jiƙe-jiƙe, ta ce nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata. Cikin sati uku jinin ya ɗauke, kukan ya ragu sosai, ko da yake bai tafi duka ba sai da ya shiga wata na biyar.

Don haka uwa, in kin ga amai kore ko mai jini, ko amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zazzaɓi ga yaron da bai kai wata uku ba, ko maɗiga ta faɗa fitsari ya ragu, ko yaro ya ƙi nono ya yi laƙwas, ko yana ramewa maimakon ƙiba, ki ɗaura majanyi ki nufi asibiti, waƙar ki yi ta a hanya. Ko goyon da muke taƙama da shi yana da iyaka. A 1986 wani bincike a Montreal ta Kanada, na Hunziker da Barr, ya gano ƙarin ɗaukar jarirai ya rage kukansu da kashi 43 cikin ɗari a sati na shida. Amma da Barr ya sake gwadawa a kan jariran da kukansu ya riga ya yi tsanani, ƙarin ɗaukar bai yi wani tasiri ba. Ina so kowace uwa ta ji wannan da kyau: in kin goya, kin yi waƙa, kin zaga tsakar gida har ƙafa ta kumbura bai yi shiru ba, ba gazawarki ba ce.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai sharhin fasaha shi ne yadda muka mai da waƙar taro ta zama ta mutum ɗaya. A gidan gandu jariri mai rigima yakan bi hannu biyar kafin asuba: uwa, kaka, goggo, kishiya, 'yar reno. In ɗan fari ne ma, alkunya kan sa uwar ta ja baya, manya su karɓa. Waƙar tana tafiya tare da yaron daga kafaɗa zuwa kafaɗa, a haka yarinya 'yar shekara tara ke koyon ta ba tare da an zaunar da ita ba. Yau amarya tana ɗaki ɗaya na haya a Kano ko Abuja, daga ita sai miji, maƙwabci na buga bango. Sai a kunna wa yaro waƙa a waya a ajiye kusa da kansa. Ban raina waya ba, amma waya ba ta jin lokacin da yaro ya ja numfashi, balle ta shiga ta kafar. Kuma ba ta sauke wa uwa komai daga ƙirji. A 2018 Daisy Fancourt da Rosie Perkins sun wallafa wani gwaji da aka yi a Landan, inda masu jego da ke fama da ciwon damuwa suka yi mako goma suna haɗuwa suna waƙa da jariransu. Waɗanda ciwon ya fi yi wa nauyi sun fi saurin samun sauƙi. Goggona ba ta karanta wannan ba, amma na ji abin da take saukewa da ƙarfe biyun dare.

Masu shirya finafinanmu ma ina da ƙorafi a kansu. Sau nawa muke ganin jariri a fim in ba ranar suna ba, ko a naɗe cikin tawul ana rigimar gado a kansa? Ga daren da aure ke jijjiga na gaskiya, mace ta kwana uku ba barci, miji ya ɗauki filo ya koma falo, uwar miji na cewa nono ne ba kyau. Duk abin da marubuci ke nema yana cikin wannan ɗakin, har da waƙarsa, amma kyamara ba ta cika shiga ba.

Maigida, kai ma da kai nake. Muryarka mai kauri tana da amfani a nan, ƙirjinka ya fi faɗi, kuma babu mai jin ka sai ɗanka. In ba ka da waƙa, ambaci sunansa da na kakanninsa a hankali, kana taku. Karɓe shi awa biyu ta runtsa. Wanda duk ya ji ransa ya fara ɓaci a cikinku, hannu ya fara rawa, ya kwantar da yaron a rigingine a wuri mai aminci, ya fita ya sha iska minti goma. Kuka ba ya lahanta jariri a wannan ɗan lokaci, amma girgiza shi da ƙarfi na iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa.

Goggo ta rasu yaron yana shekara uku. Ina da muryoyin makaɗa da yawa a ajiye saboda aikina, tata ce ban ɗauka ba, don ban taɓa kawo wa raina cewa abin ɗauka ce ba. Rabin waƙar na riƙe, shi nake yi wa ɗan ƙanwata yanzu, wanda shi ma magariba ke tayar masa da ciki. Inda na manta kalmomin sai in cike da gunguni, ina taku daga ƙofa zuwa taga.