Kramer vs. Kramer: Ƙarfi da Raunin Wani Fim na Rikicin Iyali

Daga cikin finafinan Amurka da suka ɗauki rayuwar iyali a matsayin jigo, kaɗan ne suka sami karɓuwa irin ta Kramer vs. Kramer, wanda Robert Benton ya tsara ya kuma shirya a 1979, daga littafin da Avery Corman ya wallafa a 1977. Fim ɗin ya ci lambobin yabo na Oscar 5 a 1980, ciki har da na gwarzon fim. Sai dai yabon alƙalan gasa ba ya ɗauke wa manazarci nauyin bin diddigi. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ko fim ɗin ya yi wa ɓangarorin nan biyu da sunansa ya ambata adalci.

Labarin gajere ne. Ted Kramer (Dustin Hoffman) ma'aikacin wani kamfanin talla ne a birnin Niyok, aiki ya ɗauke masa hankali daga gida. A daren da ya dawo da albishir na samun ci gaba a ofis, matarsa Joanna (Meryl Streep) ta shaida masa ta gama zama, ta fice ta bar masa ɗansu ƙarami, Billy. Bayan wata 15 ta dawo daga Kalifoniya tana neman ɗanta, magana ta kai gaban alƙali.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin zubinsa, musamman yadda ya bar aiki ya yi magana a madadin baki. Washegarin tafiyar Joanna, Ted ya shiga kicin zai soya wa yaron burodi da ƙwai. Bai san inda kwano yake ba, ya cusa burodin cikin kofi, daga ƙarshe ya ƙona hannu, kaskon ya faɗi ƙasa, ya ɓarke da zagi. Can kusa da ƙarshe, a safiyar da za a zo ɗaukar Billy, an sake nuna su a kicin ɗin suna haɗa abincin nan dai. Wannan ya fasa ƙwai, wancan ya tsoma burodi, ba a ce uffan ba. Duk canjin da ya auku a tsakani yana cikin waɗannan fitowa biyu, ba tare da an sa wani ya tsaya yana bayani ba. Ɗalibin wasan kwaikwayo da ke son sanin amfanin maimaici wajen ƙulla zaren labari zai ƙaru da su fiye da dogon sharhi. Haka nan fitowar da yaron ya ƙi cin abinci ya ɗauko askirim, yana kallon ubansa ido cikin ido yana kai cokali baki. Justin Henry, wanda ya fito a matsayin Billy, bai wuce shekara 8 ba lokacin da aka sa shi cikin 'yan takarar Oscar, kuma ba a mai da shi yaro mai maganar manya ba. Yana da rigima da ƙiwa irin na kowane yaro. Mai ɗaukar hoto, Néstor Almendros, shi ma ya kame hannunsa, ya tsare kyamara a kan fuskoki da ɗakuna ba ado.

Raunin ya fara ne daga rabon lokaci. Sunan fim ɗin ya yi alkawarin shari'a tsakanin mutum biyu, amma mai kallo ya shafe galibin fim ɗin tare da ɗaya. An ga Ted yana gudu a titi da yaron a hannu bayan ya faɗo a filin wasa, an ga an kore shi daga aiki dab da Kirsimeti, an ga ya karɓi wani aikin mai ƙarancin albashi don kada a ce ba shi da sana'a. Shekarun da Joanna ta yi tana yin wannan hidimar kullum ba a nuna ko yini ɗaya daga cikinsu ba. Idan ta bayyana a tsakiyar fim, sai a gan ta a bayan gilashin wani shago tana leƙen ɗanta kamar ɓarauniya. Kafin a shiga kotu mai kallo ya riga ya yanke hukunci. Hatta ƙawarta Margaret, wadda ta goyi bayanta da farko, ta koma shaidar Ted. Abin da ya ceci Joanna daga zama muguwar uwa kawai shi ne wasan Streep, wadda ita ce ta sake rubuta jawabin da ta yi a gaban alƙali. To amma jawabi ɗaya, komai kyansa, ba ya yin nauyin abin da ido ya daɗe yana gani.

Shari'ar kanta ba ta tsira ba. Alƙali ya ba uwa riƙon yaro bisa tsohon ra'ayin nan cewa ƙaramin yaro na uwa ne, ba a ji ta bakin yaron ba, ba a kuma tattauna raba riƙon tsakanin iyayen ba. An ce Ted ya fasa ɗaukaka ƙara don kada a tsayar da Billy ba da shaida, alhali kotun ɗaukaka ƙara bayanan shari'ar farko take dubawa. An tanƙwara doka ne don a ƙara wa tauraro kwarjini.

Akwai kuma wani giɓi da mai kallo Bahaushe zai lura da shi nan da nan: babu dangi. Ba kaka, ba goggo, ba kawu. A mazhabar Malikiyya, idan uwa ta rasa haƙƙin riƙo, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye mata, wato rikicin ba ya tsayawa kan mutum biyu. Ana iya cewa rayuwar Niyok ce ta gaji haka, amma a littafin Corman Ted ya ɗauki mai aiki da ke kula da yaron. Benton ne ya cire ta, domin a ga uban shi kaɗai da kayansa.

Sai rufewa. Joanna ta ci shari'a, ta zo ɗaukar ɗanta, sai ta tsaya a ƙasan bene ta ce ba za ta raba shi da gidansa ba, ta shiga lif ita kaɗai don ta yi masa magana. Fitowar tana taɓa zuciya, amma ba a shimfiɗa mata hanya ba. Matar da ta jure tonon asiri a kotu don ta sami ɗanta ta sauya ra'ayi a bayan fage, inda mai kallo bai gani ba, kamar dai yadda bai ga dalilin tafiyarta ta farko ba.