Balaga da Gaskiya a Jawabin Patrick Henry na 1775

Ran 23 ga watan Maris, 1775, wakilan Bajiniya ta ƙasar Amurka suka taru a cocin St. John da ke birnin Richmond, a zamanin da suke ƙarƙashin Sarkin Ingila, George III. A nan ne wani lauya, Patrick Henry, ya miƙe ya nemi a shirya mayaƙa, ya rufe da cewa shi dai ko 'yanci ko mutuwa. Maƙasudinmu shi ne mu duba inda ƙarfin wannan jawabi yake, da inda ya kasa.

Da fari ya kamata mai karatu ya sani ba a rubuta jawabin ran da aka yi shi ba. William Wirt ne ya tsara shi cikin littafin tarihin Henry da ya fitar a 1817, watau shekara 18 bayan rasuwar mai jawabin, ya dogara ga abin da waɗanda suka halarta suka tuna, musamman alƙali St. George Tucker. Saboda haka yabo da suka duka biyu na Henry ne da Wirt tare.

Ƙarfin jawabin daga bakin masu wa'azi ya fito. Tun yana yaro Henry yakan saurari wa'azin Samuel Davies, ga alama kuwa a can ya koyi jera tambayoyi bi da bi har mai sauraro ya rasa amsa sai wadda ake so ya bayar. Bai ɓata lokaci wajen lissafin haraji ba. Sai ya ɗauko misalai daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, waɗanda kowa a wurin ya san su: ya kamanta alkawuran Ingila da sumbar Yahuza ta cin amana, masu kiran a yi haƙuri kuwa ya jefe su da maganar Annabi Irmiya a kan masu shelar salama alhali babu salama. Kana ya tabbatar wa jama'a cewa Allah mai adalci ba zai bar su su yi yaƙin su kaɗai ba. Da haka gardamar siyasa ta zama farilla ta addini. Wannan gwaninta ce, amma da haɗari, domin wanda ya ce a dakata, ko da yana da hujja, an riga an sa shi cikin sahun maƙaryata. Ba a cika mako huɗu ba aka fara harbi a Lexington, ran 19 ga Afrilu.

Inda jawabin ya kasa kuwa, shi ne a kan kalmar da ya fi jingina da ita, watau bauta. Henry ya yi ta ambaton sarƙa da bauta don ya siffanta zaluncin Ingila, alhali shi kansa yana da bayi baƙar fata. Ba kuwa cikin rashin sani ba ne, gama a 1773 ya rubuta wa Robert Pleasants wasiƙa ya amsa cewa bauta mugun abu ne, amma zama ba bayi zai yi masa wuya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Da Gwamna Dunmore ya yi shela a Nuwamba 1775 cewa zai 'yanta bayin 'yan tawaye da suka shiga rundunar Sarki, ɗaruruwa suka gudu wurinsa. Su ne suka ɗauki zaɓin nan na 'yanci ko mutuwa a zahirinsa, sai dai wajen abokan gābar Henry suka nufa.

To, hukuncinmu shi ne, ta fuskar balaga jawabin ya kai matuƙa. Amma mai nazarin kowace huɗuba ta 'yanci, wajibi ne ya tambayi su wa mai magana ya sa cikin kalmar "mu", su wa kuma ya bari a waje.