Tsokaci a Kan Fassarar Aikatau "Select" Zuwa Hausa: Misalai Daga Gomari, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne yin tsokaci a kan yadda masu fassara, musamman na rediyo da jaridu, suka saba mayar da aikatau biyu na Ingilishi, "select" da "elect", zuwa kalma ɗaya tilo ta Hausa, wato zaɓa. An ɗauko misalai daga Hausar yau da kullum ta unguwar Gomari a Maiduguri, inda Hausa ta zama harshen cuɗanya tsakanin Barebari da Shuwa da Babur da sauransu. Ga da yawa daga cikin masu sauraro a nan, abin da mai fassara ya faɗa shi ne labari, domin ba su da hanyar komawa ga Ingilishin.

2.0 Ma'ana da Amfani

Kalmomin biyu tushensu ɗaya a Latin, wato "legere", ma'ana tsinta ko tattarawa. Ta farko ta ɗauki ɗafa-goshi mai nufin "gefe", ta biyu kuwa mai nufin "waje". A Ingilishin yau, ta farko kan nuna mutum ɗaya ko wasu kaɗan sun fid da abu bisa wani ma'auni, ta biyu kuwa ta fi keɓanta ga jefa ƙuri'a. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Zaɓi son ranki, Hajiya, duk kuɗinsu ɗaya.
(2) Ta zauna tana tsince shinkafa.
(3) An ware manyan banda gefe.
(4) An tantance masu neman aiki.

A jimla ta (1), wadda aka saba ji a bakin mai gwanjo, iko yana hannun mai saye. A ta (2), abin da aka ɗauke shi ne za a zubar. A ta (3) rarrabewa ce kawai, a ta (4) kuwa akwai sharuɗɗa da wata hukuma ta gindaya. Ke nan mai sayar da kifi da uwargida sun riga sun bambanta abin da mai fassara yake cakuɗawa.

Ta fuskar nahawu, zaɓa aikatau ne na aji na biyu a rabe-raben Parsons na 1960: ya zaɓa, ya zaɓe shi, ya zaɓi Audu. Abin lura shi ne ya haifar da suna iri biyu. Zaɓi ya tsaya ga son rai, kamar a "ba ni da zaɓi". Zaɓe kuwa ya karkata ga ƙuri'a, kamar a "ranar zaɓe". Saboda haka idan mai sauraro ya ji "an zaɓe shi" a labarin siyasa, ƙuri'a ce take fara zuwa masa a rai.

3.0 Illar Fassarar

Tarihin ƙasar nan ya nuna muhimmancin wannan bambanci. A ranar 12 ga Yuni 1993 jama'a suka jefa ƙuri'a a zaɓen da M.K.O. Abiola ya tsaya tare da Babagana Kingibe, ɗan Borno, amma gwamnatin Janar Babangida ta soke shi. A watan Agusta na shekarar aka ɗora Ernest Shonekan a kan gwamnatin riƙon ƙwarya. A 1998 kuma jam'iyyu biyar suka tsayar da Janar Abacha ɗan takararsu shi kaɗai. Duk mai fassarar da ya ce "an zaɓi" Shonekan ko Abacha ya ara musu halascin da ƙuri'a ba ta ba su ba. Matsalar ba ta tsaya ga mulkin soja ba, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince jam'iyya ta fid da ɗan takara ta hanyar sasantawa.

Wani zai ce ai tun da can akwai "masu zaɓen sarki", alhali ba ƙuri'ar talakawa ba ce. Haka ne, amma wannan suna ya ambaci masu aikin ƙarara. Haɗarin yana cikin lamirin nan "an", wanda yake ɓoye ko su wane ne suka yi zaɓen.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a keɓe zaɓa ga ƙuri'a a labaran siyasa. A sauran wurare a yi amfani da naɗa, ko tsayar, ko fid da, ko tantance, gwargwadon abin da ya auku. Idan kuwa tilas ne a ce zaɓa, to a ambaci wanda ya zaɓa. Jama'a da kansu sun ƙirƙiro "ɗauki-ɗora" domin ɗan takarar da aka ƙaƙaba musu, kuma ya kamata masu tsara ƙamus da masu fassara su bi sawunsu wajen kiyaye wannan bambanci.