Inuwar Dandaji da zauren intanet

A ƙauyen Dandaji, cikin jihar Tawa, akwai wata kasuwa da aka gama ginawa a 2018, wadda hotunanta suka zagaya mujallun gine-gine na Turai da Amurka. Rumfunan na bulon ƙasa ne, bisansu kuma faya-fayan ƙarfe ne masu launi iri-iri, kowane a kan sandarsa, wani sama wani ƙasa, awa laimomi. Mai zanen ita ce Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara. Ta buɗe ofishinta nan Yamai a 2014, ta raɗa masa suna da kalmar Hausa, masomi, wato inda abu ya soma.

Abin da ya sa na kawo ta cikin maganar shafukan intanet shi ne, kafin ta zama mai zanen gine-gine, ƴar kwamfuta ce. Ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, a jami'ar Purdue da ta New York, ta yi shekaru tana rubuta manhaja, sannan ta koma aji ta karanta zanen gine-gine a jami'ar Washington, ta gama a 2013. Ita dai ta bar gilashin na'ura ta koma ga laka. Mu kuma da ke zaune gaban gilashin, ina ganin akwai abin da ya kamata mu ɗauko daga lakarta, kuma ba shi ne wanda ƴan uwanmu masu gina shafuka suke ɗaukowa ba.

A duba faya-fayan nan da kyau. Wanda ya gan su a hoto zai ce kwalliya ce. Amma kasuwar ƙauye a ƙasarmu gindin itace take ci, ita ma ta Dandaji an gina ta ne kewaye da wani tsohon itace da ake cin kasuwa a inuwarsa tun da. Itace kuwa ba ya girma cikin shekara guda a ƙasar Adar. Shi ya sa ta yi inuwar ƙarfe mai aiki irin na ganye: da yake faifai bai haɗe da faifai ba, iska mai zafi tana samun hanyar fita sama, ba ta taruwa bisa kan mai tallar albasa yadda take yi ƙarƙashin kwano guda shimfiɗaɗɗe. Kyan da ido ke gani daga aikin da abin ke yi ya fito.

Haka ma Hikma, a garin na Dandaji, da ta yi tare da Yasaman Esmaili ƴar Iran. Tsohon masallacin Juma'a ya lalace, ya kuma yi wa gari kaɗan. Irin ginin ƙasar nan ne na yankin, wanda Alhaji Falke Barmu ya yi suna da shi har masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gayyato maginan da suka san shi tun farko, aka ta da sabon masallaci daura da shi. Yaro ya fito daga salla, taku kaɗan ya shiga cikin littattafai. Mata, da ba kasafai suke da wurin zama a tsakiyar gari ba, suka samu dalilin zuwa. Ba wanda ya kafa allo ya rubuta "a bi ta nan". Ginin ne da kansa ke nuna wa ƙafa hanya.

To, mu dawo Yamai. Ka buɗe shafin wata ƙungiya ko wata ma'aikata (ba zan kama suna ba, kowa ya san irinsu), me za ka tarar? Babban hoton raƙumin dawa na Kure, sarƙar Agadas a kusurwa, dagi a gefe, launin tuta ko'ina. Wai an yi "salon gida". Hoton nan shi kaɗai zai sha maka mega nawa, ga rezo na zuwa na ɗaukewa, kai kuwa lambar waya guda ka zo nema. Sai ka jira, ka jira, kiredi ya ƙare, lambar tana can gindin shafi da ƙananan haruffa masu ruwan toka waɗanda ba ka iya gani in kana tsaye cikin ranar Afrilu. Wanda ya yi wannan ya ɗauko faifan Dandaji ya rataye a bango, ya bar mutane cikin rana.

Bahaushe fa ya daɗe da sanin yadda ake yin shafin farko: zaure. Baƙo ya iso, ya san nan zai yi sallama, nan zai zauna, ya san inda iyakarsa take. Shafin da mutum zai shiga ya rasa inda zai taɓa, zaure ne mai ƙofa bakwai, dukkansu zane ne a bango.

Inda abin ya fi yi mini ciwo, a matsayina na mai karatun kimiyyar harshe, shi ne haruffa. Tun 1999 Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ (maƙwabtanmu na Najeriya 'y suke rubutawa a madadin na ƙarshen). Yawancin zubin haruffa masu ƙyalƙyali da ake ɗaukowa kyauta ba su da waɗannan huɗun. Sai ka ga kalma ta fito da ɗan akwati a tsakiyarta, ko harafi guda ya fi sauran kauri don na'ura ta aro shi daga wani zubi. Mai shafin ya ga abin ya yi muni, sai ya yanke ƙugiyoyin baki ɗaya, ya huta. Shi ke nan ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Mai karatun da ya ƙware zai lalubo ma'ana daga jimla. Amma wanda bai daɗe da fitowa ajin yaƙi da jahilci ba fa? Alhali maganin ba kuɗi: akwai Andika da Charis na SIL, akwai Noto na Google, duka suna da haruffanmu. Sai dai a nan ma a yi hattara. Allon rubutun wayoyi da yawa ba ya ba da ƙugiya cikin sauƙi, don haka wurin bincike na shafi dole ya gane cewa wanda ya buga "kasa" wataƙila "ƙasa" yake nema.

Takardun cikawa ma haka. Ana tambayar lambar gida da sunan titi, a garin da ake kwatance da "bayan Katako" ko "kusa da Wadata". Ana tilasta ranar haihuwa da wata, alhali iyayenmu da yawa shekara kaɗai ke cikin takardarsu, ita ma kintace ce. Ana neman imel ga mutumin da duk harkarsa saƙon murya ne a WhatsApp. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, saboda haka shafuka da Hausa za su ƙaru. In fassara kalmomi kawai aka yi aka bar waɗannan ramukan inda suke, tsohuwar da ta kasa cike takarda da Faransanci za ta sake kasawa da harshen uwarta, wanda ya fi cin rai.

Ba na cewa aikin Mariam ba shi da abin faɗa. Gidaje shida na Niamey 2000, da ta yi a 2016 tare da abokan aikinta na united4design, sun nuna cewa bulon ƙasa na iya ɗaukar bene ya kuma sanyaya ɗaki, amma gida shida ne a birnin da ya haura mutum miliyan, kuma har gobe wanda ya samu kuɗi siminti yake so, don a idonsa laka talauci ce. Sannan gine-ginenta suna da kyan hoto ƙwarai, wanda shi ma tarko ne: masu kwaikwayo hoton suke kwaikwaya. Kusan duk abin da aka rubuta a kanta kuma da Faransanci ne ko Ingilishi, mai rumfa a Dandaji ba ta da inda za ta karanta yabon da ake wa inuwarta.

Akwai aikin da namu ne, mu ƴan sashen harsuna, ba na masu kwamfuta ba. Me za a rubuta bisa maɓalli? Wanda ke tura takarda "Aika" ya ishe shi, kowa ya gane daga Dogon Dutsi har Damagaram. Na janyewa ne rigima. Shafukan Hausa da yawa "Soke" suke sawa, amma soke a kunnen mutanenmu da yawa na wuƙa ne, ko kuma rushe abin da aka riga aka ƙulla. Wanda ya fara cike takarda ya canja ra'ayi bai soke komi ba, fasawa ya yi. Ni "Fasa" zan sa, ko da yake na san akwai wanda zai karanta ta da muryar fasa tulu, tun da rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali.