Mai karatu a mararraba: nazari a kan labarin Michael Joyce

Duk wanda ya saba da littafi ya san inda yake tsaye a cikin labari. Kaurin takardun da ke hannun hagunsa yana gaya masa abin da ya ci, na hannun dama kuma abin da ya rage (mai karatun ajami sai ya juya hannuwan). Wannan ɗan sani, wanda ba a ko lura da shi, shi ne abu na farko da mutum yake rasawa idan ya zauna gaban afternoon, a story, ƙagaggen labarin da Ba'amurke Michael Joyce ya rubuta a 1987, kamfanin Eastgate kuma ya fitar da shi a faifan kwamfuta a 1990.

Labarin ba shi da shafi na ɗaya balle na ƙarshe. Gutsattsari ne 539, wasu sakin layi guda, wasu ƴan kalmomi kawai, an ɗaure su da mahaɗai fiye da 900 a cikin manhajar Storyspace, wadda Joyce yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta. Gutsure ɗaya ne ke bayyana a fuskar kwamfuta. Mai karatu yana iya danna maɓallin ci gaba ya bi hanyar da aka shata, ko ya amsa tambaya da i ko a'a, ko ya danna wata kalma a cikin rubutun ta kai shi wani wuri dabam. Jigon kuwa bai da tsawo. Tauraron, Peter, mutum ne da aurensa ya mutu. Da safe ya wuce ta inda aka yi haɗarin mota, bai tsaya ba, daga baya zuciyarsa ta riƙa raya masa cewa tsohuwar matarsa da ɗansu ne a ciki.

Lokacin da irin wannan adabi ya fito an yi masa kirari mai yawa. A 1992 marubuci Robert Coover ya buga maƙala a jaridar New York Times yana hasashen ƙarshen zamanin littafi, manazarta da dama kuma suka ce an ƴanta mai karatu daga mulkin mawallafi. Wanda ya zauna ya karanta da kansa zai ga maganar ta yi yawa. Kalmomin da ke buɗe hanya ba su da wata alama, don haka zaɓin lalube ne a cikin duhu. Bayan wannan, Joyce ya sa wa wasu mahaɗan sharaɗi: ba za su buɗe ba sai mai karatu ya riga ya ratsa wani gutsure. Kalmar da ta kai shi gabas ɗazu tana iya kai shi yamma yanzu, ba tare da an faɗa masa dalili ba. Masu karatun Faransanci za su tuna da littafin Raymond Queneau na 1961, inda aka yayyanka waƙoƙi 10 masu layi 14 kowace, mai karatu yana haɗa layukan yadda ya so. A can dabarar tana fili, hannu na taɓa ta. A wurin Joyce an ɓoye ta, mawallafin yana bayan labule riƙe da akala.

Sai dai a nan ne darajar labarin take, kuma ita ce ta sa ya fi yawancin waɗanda suka biyo bayansa. Mai karatu yana son sanin abu ɗaya: yaron ya mutu ko yana raye? Ya danna, sai a kai shi hirar Peter da mai gidansa na wurin aiki. Ya sake dannawa, sai ga zancen wata mace, ko tunani a kan waƙa, ko gutsuren da ya riga ya karanta har sau biyu. Da farko abin haushi yake ba shi. A hankali sai ya gane cewa kewaye-kewayen da yake yi su ne ainihin halin Peter, mutumin da ke tambayar kowa da komai don kada ya isa ga amsar. Gutsuren da ya dawo ma ba ya dawowa da ma'anarsa ta farko, domin abin da aka karanta a tsakani ya sauya masa launi. Manazarciya Jane Yellowlees Douglas ta ba da labarin yadda ta karanta shi sau huɗu kafin ta kai ga wani gutsure da ke nuna cewa Peter da kansa ne sanadin haɗarin. Wanda ya isa wurin bayan doguwar wahala yana jin nauyin abin a jikinsa, saboda da yatsansa ya yi ta taya mai laifi ɓuya. Da a takarda aka buga wannan tonon asiri, a shafi na kusa da ƙarshe, da dabara ce kawai irin ta labaran ƴan sanda.

Kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne. Da yawa suna gajiya kafin su kai ko'ina, su rufe na'urar suna zaton labarin ba shi da ciki. Wasu gutsattsarin ma ba su da ƙarfin tsayuwa su kaɗai, kuma maimaici ba ya ƙara musu komai. Akwai mai cewa ai sa bakin mai sauraro tsohon abu ne, tunda a dandalin tatsuniya yara suna amsawa, suna tambaya, suna gyara wa mai bayarwa. Gaskiya ne, amma tsohuwar da ke ba da tatsuniya tana ganin fuskokinsu, ta san lokacin da barci ya fara ɗaukarsu, kuma ita ce ke cewa ƙurungus. Na'ura ba ta ganin kowa. Joyce da kansa ya bar wa mai karatu hukunci: in hanya ta fara zagaye, ko ya gaji, to karatun ya ƙare.

Malamin adabi da zai kawo irin wannan aiki aji yana da matsala ta musamman. Ɗalibai biyu za su ce sun karanta labari ɗaya, alhali ɗaya ya ga laifin Peter, ɗayan bai ko ji ƙamshinsa ba, kuma babu lambar shafin da za a buɗe a raba gardama. Dole muhawara ta tashi daga abin da ya faru a labarin ta koma kan hanyar da kowa ya bi, da abin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya.

Littafin da aka yi wa hasashen mutuwa yana nan a kasuwa. Faifan 1990 kuwa kwamfutocin yau ba su da ramin da za a sa shi. A Jami'ar Jihar Washington da ke Vancouver ta Amurka, Dene Grigar tana kula da wani ɗakin bincike cike da tsofaffin na'urori, inda ake zaunar da mai karatu gaban irin waɗannan ayyuka, a ɗauki bidiyon hannunsa da muryarsa yayin da yake zaɓen hanya.