Sharhi a kan Koyar da Dabarun Sayarwa da Ƙungiyoyin Kasuwanci na Ɗalibai a Sakandare: Misali daga Kurmin Mashi, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan abubuwa biyu da suka shafi tarbiyyar ɗalibin sakandare ta fuskar neman abin kai. Na farko shi ne darasin dabarun sayar da haja, watau wanda ake kira Marketing da Turanci. Na biyu kuwa su ne ƙungiyoyin kasuwanci da akan kafa wa ɗalibai domin su koyi shugabanci da juya kuɗi. An ɗauki unguwar Kurmin Mashi ta birnin Kaduna a matsayin misali saboda a can makaranta da kasuwa maƙwabtan juna ne: ga Kwalejin Gwamnati da sauran makarantu, ga kuma garejojin makanikai da shagunan kayan gyaran mota a jere a bakin babban titin Nnamdi Azikiwe. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa an aro siffar wannan ilmi daga Amurka, aka bar ginshiƙinsa a can, watau zaman ɗalibi a shago ƙarƙashin ubangida, alhali kuwa wannan ginshiƙi Bahaushe ya daɗe da saninsa.

2.0 Asalin Darasin da Ƙungiyoyin

A shekarar 1936 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar George-Deen, wadda ta ware kuɗin gwamnatin tarayya domin horar da masu aikin saye da sayarwa. Tsarin da ya bunƙasa bayan wannan doka shi ne ɗalibi ya raba yininsa biyu, wani sashe a aji, wani sashe a kantin da ake biyansa lada, ga kuma malami guda da aka ɗora wa alhakin zagayawa ya ga yadda yaron yake aiki. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai ne aka kafa ƙungiyar DECA a 1946, domin su riƙa haɗuwa suna gasa, suna zaɓen shugabanninsu. Abin lura a nan shi ne shago ya riga ƙungiya, kuma ƙungiyar ta zo ne domin ta ƙarfafa abin da ake koya a shagon.

Tun kafin wannan, a 1919, an kafa ƙungiyar Junior Achievement a garin Springfield na Amurka. Shirinta da ya fi shahara shi ne na ƙaramin kamfani: ɗalibai su sayar da hannun jari, su zaɓi manaja da ma'aji, su ƙera wata haja su sayar, sa'an nan a ƙarshen shirin su rushe kamfanin su raba abin da aka samu. Ingila ta kwaikwayi wannan tsari da ƙungiyar Young Enterprise, kuma reshen Junior Achievement na Nijeriya ya fara aiki a 1999.

3.0 Shigowarsa Manhajar Nijeriya

Taron ƙasa a kan manhaja da aka yi a Legas a 1969 shi ne ya share fagen Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981. Daga gare ta tsarin 6-3-3-4 ya fito, aka soma aiki da shi a 1982, aka sa darasin harkokin kasuwanci cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare. A 2011 Hukumar Bincike da Raya Ilmi ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da darussan sana'a 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar guda, kuma dabarun sayarwa yana cikinsu. Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta fara jarraba ɗalibai a kansu a 2014. A 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sake tsarin, ta rage darussan sana'a zuwa shida, dabarun sayarwa kuma ya zauna a rukunin darussan kasuwanci.

Niyyar da ta haifar da waɗannan canje-canje kyakkyawa ce, musamman ga birni kamar Kaduna. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo ta, sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, amma bayan shekarar 2000 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya gama sakandare a Kurmin Mashi ba shi da tabbacin ƙofar masana'anta ko ta ofis. Kasuwa ce mafi kusa da shi. Saboda haka tambayar ko darasin yana shirya shi domin wannan kasuwa tambaya ce ta abincin gobe.

4.0 Makarantar da Aka Manta

Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wanda Paul Lovejoy ya yi littafi a kansa a 1980, yana da tsarin shugabanci cikakke. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ya san hanya da zango, uban dawaki kuwa shi yake shiga gaba wajen daidaitawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan abin da za a biya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun gaji wannan fatauci kaka da kakanni, kuma yaro yakan fara ne daga kula da jakai da ɗaurin kaya kafin a ba shi jari. Daga irin wannan gida na Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito a Bebeji, ya yi fataucin goro, sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ya juya akalarsa can har ya zama babban attajirin zamaninsa kafin rasuwarsa a 1955.

Kazalika Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabon Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu yake tafiya a kan bashi. Falke ya kawo shanu daga Arewa ya sauka a wurin maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni, idan mahauci ya gaza shi zai biya daga aljihunsa. Dukiya mai yawa tana canja hannu ba tare da takarda ba, domin kowa ya san wanda ya ci amana sau ɗaya ya fita daga harkar. Wannan tsari na ubangida da yaronsa bai mutu ba. Shi ne yake tafiyar da garejojin Kurmin Mashi da rumfunan Panteka: yaro ya shekara da shekaru yana aike da miƙa sifana, a hankali a bar masa shago da aljihun kuɗi, daga ƙarshe a yaye shi.

5.0 Sharhi a kan Darasin

Abu na farko da za a soki darasin da shi shi ne cewa allo da littafi sun fi ƙarfinsa. Ana koya wa ɗalibi rukunai huɗu na sayarwa, watau haja da farashi da wurin sayarwa da talla, rabon da Jerome McCarthy ya tsara a 1960 domin kamfanonin Amurka. Rabon ba shi da aibi, kuma yana taimaka wa tunani. Sai dai ɗalibi yakan haddace shi domin jarrabawa, ya fita ƙofar makaranta ya wuce mai sayar da kayan gyara yana zaɓen inda zai kafa teburinsa, yana bambanta farashin makaniken da yake zuwa kullum da na baƙon direba, ba tare da yaron ya gane cewa darasinsa ne yake gani a aikace ba. Gani kuwa ya kori ji.

Abu na biyu shi ne harshe. Jarrabawa da Turanci ake yin ta, wannan ba laifin malami ba ne. Amma ciniki a Kurmin Mashi yawancinsa da Hausa ake ƙulla shi, kuma Hausa tana da kalmomin fannin: sari da kiri, tayi da albarka da sallamawa, gyara, la'ada, uwar kuɗi, kwantai, adashi. Kowace kalma daga cikinsu darasi ce. Alal misali, littafin aji ya ɗauka cewa farashi abu ne da mai kaya yake yankewa ya liƙa, alhali a kasuwarmu farashi yana fitowa ne daga tayi, kuma iya cewa albarka ba tare da an kori mai saye ba gwaninta ce da ake koya.

Abu na uku shi ne ladubban ciniki. Ɗalibi Musulmi da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar Islamiyya ya riga ya haɗu da babin ciniki, inda aka hana riba irin ta bashi da ruwa, da algus, da ɓoye aibin haja, da sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Ɗalibi Kirista ma ya ji gargaɗin Littafi Mai Tsarki a kan ma'aunin zalunci. Darasin da yake koyar da dabarun jawo mai saye bai nemi ya ɗora gininsa a kan wannan tushe ba, sai yaro ya tashi yana ganin dabara a wani aji take, gaskiya kuma a wani.

6.0 Sharhi a kan Ƙungiyoyin

Ƙungiyoyin ɗalibai sun fi darasin kusa da aiki, kuma wajibi ne a yaba musu a kan abu guda da kasuwar gargajiya take da rauni a kansa, watau rubuta lissafi. Ɗalibin da ya riƙe littafin shiga da fita ya koyi raba uwar kuɗi da riba, ya koyi cewa aljihun shago daban yake da aljihunsa. Rashin wannan rabo ya karya 'yan kasuwa da yawa, ya kuma sa dukiya ta watse da zarar mai ita ya kwanta dama. Haka nan sun ba 'yan mata damar riƙe kuɗi da magana a gaban jama'a.

Amma akwai naƙasu biyu. Na farko, kamfanin da aka san ranar rushe shi tun ranar kafa shi ba zai koyar da bashi ba. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Ɗan kiri bashi yake karɓa a wurin ɗan sari, shi ma bashi yake bayarwa. Sanin wanda za a ba, da lokacin da za a tambaya, da yadda za a tambaya ba a ɓata ba, ilmi ne da yake bukatar a yi shekaru da abokan ciniki guda. Ɗaliban da suka haɗa sabulun ruwa suka sayar wa malamai da iyaye a ranar bikin makaranta sun sayar ne ga masu saye don ƙauna, waɗanda ba za su taya ba, ba kuma za su dawo da kaya ba.

Na biyu shi ne ma'anar shugabanci. A ƙungiya, shugaba shi ne wanda aka zaɓa, ya iya tsayawa gaban alƙalan gasa ya yi bayani da Turanci mai daɗi. A ayari kuwa madugu shi ne wanda hasara take faɗa wa, kamar yadda maigidan Sabo yake biyan bashin da bai ci ba. Idan gasa ta zama ita ce manufa, makarantar masu hali mai kwamfuta da malamin horarwa za ta riƙa cinye kofi, yaron da yake taya mahaifinsa tsaron shago tun yana firamare kuma a ɗauke shi bai san kome ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

7.0 Wata Suka da Amsarta

Mai yiwuwa a ce tura ɗalibi kasuwa komawa ne ga talla, wadda ta hana yara da yawa karatu, musamman mata, ta kuma jefa su cikin haɗari. Wannan tsoro yana da hujja, kuma binciken Enid Schildkrout a Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan aure a cikin gida ta dogara ga tallar yara, har takan yi karo da zuwa makaranta. Sai dai abin da ake nufi a nan daban ne: ɗalibin babbar sakandare, a shago sananne, na sa'o'i ƙayyadaddu, da yardar iyaye da sa idon malami. Ga 'yan mata akwai shagunan ɗinki da na kayan masarufi da mata suke riƙe da su. Wata sukar kuma ita ce ubangida yana iya mai da yaro ɗan aike kawai, ko ya koya masa ha'inci. Maganin wannan shi ne zaɓen ubangida ta hannun shugabannin kasuwa, waɗanda suka fi kowa sanin mai amana a cikinsu.

8.0 Kammalawa

Haɗa makaranta da kasuwa ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar Panteka domin a tantance gwanintarsu a ba su shaida. Sakandare tana iya bin wannan sawu daga ɗaya ɓangaren, ta kai ɗalibanta su koya. A kan haka ake ba da shawara huɗu. Kowace ƙungiyar kasuwanci ta ɗalibai ta sami uba daga cikin 'yan kasuwar unguwa, ban da malamin da yake kula da ita. Ɗalibi ya yi wani sashe na hutunsa a shago, ya kawo rahoton yadda ake sari da sa farashi da ba da bashi, a ba shi maki a kai. A daina rushe kamfanin ɗalibai a ƙarshen shekara, 'yan aji uku su miƙa shi ga na bayansu da littafinsa da bashinsa da abokan cinikinsa, domin su san nauyin abin da aka gada. Daga ƙarshe, malaman Hausa da na kasuwanci su zauna su tattara kalmomin ciniki na Hausa su daidaita su da na littafi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da take bukatar sabon gini ko na'ura daga waje. Shugaban makaranta da sarkin kasuwa suna iya soma ta farko a zangon karatu mai zuwa.